Koyon Cewa "Dakata, Dokta": Kundin Shirin Horar da Ɗaliban Harhaɗa Magunguna

9 ga Satumba, 2024

Shiri ya kankama. An amince mana da ɗaki ɗaya duk ranar Asabar, kuma ɗalibai daga aji uku zuwa ajin ƙarshe sun rubuta sunayensu. A nan zan riƙa ajiye yadda abubuwa ke tafiya, domin wanda zai karɓi aikin bayana ya samu abin dubawa.

Yawancin waɗanda na tuntuɓa da farko sun ɗauka taron lacca za mu shirya: a gayyato manyan baƙi, a yi jawabi kan halayen shugaba nagari, a raba takardar shaida, a watse. Ban yarda da wannan ba. Ɗalibi yana iya haddace halayen shugaba kaf, amma ranar da takardar magani mai kuskure ta faɗo hannunsa ya rasa bakin magana.

Tun 1997, a wani taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a birnin Vancouver na Kanada, aka fayyace ayyuka bakwai da ake so mai harhaɗa magunguna ya iya: kula da majinyaci, yanke shawara, isar da saƙo, gudanar da aiki, neman ilimi har ƙarshen rayuwa, koyarwa, da jagoranci. A 2006 aka ƙara bincike ya zama na takwas. Ɗalibanmu sun san jerin nan, har a jarrabawa ana tambayarsu. Abin da ba a cika yi ba shi ne a ware lokaci a gwada su a aikace. Manhaja cike take da sinadarai da lissafin awon magani da yadda magani ke aiki a jiki. Jagoranci kuwa, sai dai a yi fatan ya zo da kansa bayan an kama aiki.

Saboda haka muka taƙaita shirin a abu uku da ido zai iya gani: ɗalibi ya iya tsayar da na gaba da shi idan ya ga kuskure, ya iya yi wa majinyaci bayanin da zai zauna masa, ya kuma iya raba aiki da miƙa shi ga wani ba tare da ya wargaje ba. Na farkon shi ne ƙashin bayan shirin, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

25 ga Satumba

Yau ce Ranar Masu Harhaɗa Magunguna ta Duniya. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, FIP, ta tsayar da ranar a taronta na Istanbul a 2009, kuma ta zaɓi 25 ga Satumba ne saboda a ranar aka kafa ta a 1912. Na bar wa ɗalibai shirya bikin gaba ɗaya, ni kallo kawai na yi. An yi lafiya. Na dai lura cewa waɗanda suka fi kowa magana a taron tsare-tsare ba su ne suka zo da sassafe suka jera kujeru ba, kuma wadda ta riƙe takardar da ke ɗauke da wa zai yi me, ba ta da wani muƙami a ƙungiyar ɗalibai. Na rubuta sunanta a littafina.

12 ga Oktoba

Zaman farko na kiran likita a waya. Wani likita abokin aikinmu ya yarda ya zauna a ɗaki na gaba ya riƙa amsa kira, kuma na roƙe shi ya yi kamar yana tsakiyar duba marasa lafiya, ba shi da lokacin kowa.

Kafin a fara na ba su labarin gwajin da Charles Hofling ya yi a Amurka a 1966. Wani da ya kira kansa likita, wanda ma'aikatan jinya ba su san shi ba, ya riƙa bugo waya yana umartar a ba majinyaci miligiram 20 na wani maganin ƙarya mai suna Astroten, alhali a jikin kwalin an rubuta cewa kada a wuce miligiram 10 a rana. Cikin ma'aikatan jinya 22, guda 21 sun tashi za su bayar sai da aka tare su. Da aka tambayi wasu ma'aikatan jinyar a takarda ko za su bi irin wannan umarni, mafi yawansu cewa suka yi ba za su bi ba. Na tambayi ɗalibanmu, su ma duk suka ce ba za su bi ba. To madalla, sai muka ɗauko waya.

Takardar da na ba su ta wata mata ce mai ciwon kumburin gaɓoɓi, an rubuta mata methotrexate miligiram 10 kullum. Babu wanda bai gano matsalar ba. A wannan ciwon sau ɗaya a mako ake shan maganin, kuma shan sa kullum yana danne ɓargo ya hana shi samar da ƙwayoyin jini, baki ya yi gyambo, har a rasa rai. Kuskuren ya yawaita har hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta fito da sababbin matakai a kansa a 2019. Ilimin kam yana nan a kansu. Wajen furta shi ne aka samu cikas.

Ɗalibin farko ya ɗauki waya ya ce, "Salamu alaikum, Dokta, don Allah ka yi haƙuri na dame ka, na san kana da aiki, wato dai wata 'yar tambaya ce, wataƙila ma ni ne ban fahimta ba..." Bai kai ga sunan maganin ba likita ya ce, "Abin da na rubuta shi nake nufi, a ba ta," ya kashe waya. Ɗalibin ya juyo ya dube ni, ɗaki ya yi tsit. Na biyu ta faɗi sunan maganin amma ba ta faɗi abin da take so a yi ba, sai likita ya ce zai duba daga baya. Na tambaye ta, kafin daga bayan nan ya zo, matar ta tafi gida da maganin ko ba ta tafi ba? Ba ta da amsa.

Daga nan muka koyi tsarin nan mai mataki huɗu da ake kira SBAR. Asalinsa na sojojin ruwan Amurka ne masu aiki a jiragen ƙarƙashin teku, sannan asibitocin Kaiser Permanente suka shigo da shi harkar lafiya a farkon shekarun 2000. Ka faɗi halin da ake ciki, ka faɗi tarihin da ya shafi al'amarin, ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da kake so a yi. Amfaninsa ga ɗalibi shi ne yana cire masa nauyin neman kalmomi lokacin da gabansa ke faɗuwa. Da ɗalibar nan ta biyu ta sake gwadawa ga yadda ta faɗa:

"Salamu alaikum, Dokta. Daga ɗakin ba da magani nake kira, kan takardar da ka rubuta wa majinyaciya mai ciwon gaɓoɓi yanzu. An rubuta methotrexate miligiram 10 kullum. A katinta na baya, sau ɗaya a mako take sha. Idan ta sha kullum akwai haɗari babba ga ɓargonta. Na riƙe maganin ban bayar ba. Ina roƙon ka gyara takardar ta koma sau ɗaya a mako, mu rubuta mata ranar da za ta riƙa sha."

Bai kai rabin minti ba. Babu rashin ladabi a ciki, babu kuma kame-kame. Likitan da kansa ya fito ya ce jimlar da ta fi tsayar da shi ita ce "na riƙe maganin", domin daga nan ya san maganar ba ta jiran anjima ba ce.

Kowa ya samu ya gwada. Mun canza takardu: warfarin tare da metronidazole, wanda ke ƙara haɗarin zubar jini, metformin ga mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, gentamicin ba tare da an duba aikin ƙoda ba. Wasu muryarsu na rawa har ƙarshe. Ban damu da rawar murya ba muddin saƙon ya isa. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara muryar ta gama rawarta a nan.

26 ga Oktoba

Yau likitan ya ƙara tsauri, bisa roƙona. Ko an faɗa masa daidai, sai ya ce, "Na ji, a bayar haka." Tambayar ita ce, bayan ka faɗa sau ɗaya an ƙi ji, sai me?

Na karanta musu taƙaitaccen abin da ya faru a wani asibiti a Nottingham ta Ingila a 2001. An yi wa wani matashi ɗan shekara 18 mai sankarar jini allurar vincristine ta ƙashin baya, maganin da ta jijiya kaɗai ake yin sa, ya kuwa rasu bayan wasu makonni. Binciken da aka yi ya nuna ƙaramin likitan da ya yi allurar ya tambayi na gaba da shi ko da gaske wannan maganin za a yi ta wannan hanyar, aka ce masa e, sai ya yi. Ya ji wani abu a ransa, ya ma furta, amma a sigar tambaya, kuma da aka amsa ya miƙa wuya. Saboda irin wannan ne a tsarin horar da ma'aikatan lafiya na TeamSTEPPS, wanda ya fito a Amurka a 2006, aka sa ƙa'idar faɗa sau biyu: ka faɗi damuwarka, idan ba a saurara ba ka sake faɗa a fili cewa wannan maganar lafiyar majinyaci ce, idan har yanzu ba a ji ba ka kai ga na gaba.

Wani ɗan aji huɗu ya ɗaga hannu. "Malama, ni fa ina ganin wannan raini ne. Ni da ko lasisi ban da shi, in maimaita wa babban likita magana?" Wasu suka gyaɗa kai. Na ce masa ladabi a murya yake da zaɓen kalma, kuma babu likitan kirki da zai gode maka don ka yi shiru majinyacinsa ya cutu. Amma a maganarsa akwai gaskiyar da ta canza mana tsari. Ɗalibi a ƙarƙashin mai lasisi yake aiki, ba kasafai ma yake kiran likita da kansa ba. Mutum na farko da zai fara ce wa "dakata" shi ne mai harhaɗa magungunan da ke kula da shi, wanda kuma shi zai cika masa takardar sakamako a ƙarshen horo. Wannan ya fi kiran baƙon likita wuya nesa ba kusa ba. Daga yau rabin gwaje-gwajen za su koma haka: ni zan zama mai kula, in duba takarda in sa hannu a kan kuskure, ɗalibi ya tsayar da ni.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar in sa labarin Frances Kelsey, wadda ta ƙi amincewa da thalidomide, maganin da daga baya aka gano yana naƙasa jarirai tun suna ciki, a hukumar magunguna ta Amurka a 1960 duk da matsin kamfanin. Labari ne mai kyau, amma na ajiye shi gefe. Idan aka cika kawo jarumai, ɗalibi sai ya ɗauka tsayar da kuskure aikin jarumai ne, alhali aikin kowace safiya ne a tagar ba da magani.

25 ga Nuwamba

Makon wayar da kai kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, 18 zuwa 24 ga Nuwamba, ya ƙare jiya. Wannan shi ne gwajinmu na raba aiki. Ɗalibar da na rubuta sunanta a Satumba ita na ba jagoranci.

Ɓangaren ilimi ya fita tsaf. Sun yi amfani da binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022, wanda ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani. Sun bayyana rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa magungunan kashe bakteriya gida uku tun 2017: na farawa da su kamar amoxicillin, na sa ido kamar ciprofloxacin da ceftriaxone, da na ajiya kamar colistin waɗanda ba a taɓawa sai an rasa mafita. Har sun kawo alƙawarin da ƙasashe suka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2024, na rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Ɓangaren jagoranci ne ya yi tangarɗa. Kwana kaɗan kafin a fara na same ta ita ke rubuta wasiƙar neman izini, ita ke zana allon sanarwa, ita ke bin masu jawabi. Na tambaye ta ina sauran. Ta ce, "Malama, in na ba su ba sa yi yadda nake so, gara in yi da kaina in huta." Wannan ciwon ƙwararrun ɗalibai ne, kuma yana bin su har wurin aiki, inda za ka ga shugaban sashe yana ƙirga ƙwayoyi da kansa alhali takardun sayen kaya na jiransa. Muka zauna muka ja layi uku a takarda ɗaya: aiki, mai aiki, ranar gamawa. Na sa mata sharaɗi, sunanta ba zai fito a layin tsakiya ba sai a wuri ɗaya. Allon sanarwar da wani ya zana bai kai wanda za ta yi kyau ba, ita ma ta faɗa. Amma an kafa shi a kan lokaci, kuma wanda ya zana shi ya nemi a ƙara masa aiki.

14 ga Disamba

Jarrabawa ta gabato, ɗaki ya rage cika. Za mu tsaya sai sabuwar shekara.

Kafin a watse mun buɗe littafin kurakuran da aka kama kafin su kai ga majinyaci. Duk wanda ke horo a asibiti ko kantin magani zai rubuta abin da ya gani ko ya yi, babu sunan mutum, babu sunan wuri. Da farko sun yi ɗari-ɗari, suna ganin tona asiri ne. Sai na ba su labarin Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, wadda a binciken da ta buga a 1996 ta tarar cewa rukunonin ma'aikatan jinya da ke da shugabanci mai kyau su suka fi yawan rahoton kuskuren magani. Da ta bi diddigi, sai ta ga ba su fi kowa yin kuskure ba, sun dai fi kowa sakin jiki su faɗa. Inda shugaba ke da tsawa, littafin rahoto fes yake, kuskuren kuwa yana nan.

Abubuwan da suka fara shiga littafin sanannu ne: magunguna masu kama da juna a suna, hydralazine da hydroxyzine, a jere a kanta ɗaya, chlorpromazine da chlorpropamide, awon da aka rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba aka karanta 10, da harafin U a takardar insulin da ya yi kama da sifili. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangaminta kan illar kuskuren magani a 2017, ta ƙiyasta asarar da dala biliyan 42 a shekara. Ɗalibai sun ji adadin, amma ɗigon nan da ya ɓace ya fi tsaya musu a rai.

18 ga Janairu, 2025

Mun dawo da bayani ga majinyaci. Matsalar a nan akasin ta waya ce: a waya ba sa iya magana, a gaban majinyaci ba sa iya yin shiru. Ɗalibi zai zazzage duk abin da ya karanta kan rifampicin, maganin tarin fuka, ya ƙare da "kin gane ko?", ita kuma ta ce "e" don ta samu ta tafi.

Mun hana tambayar "kin gane?" gaba ɗaya. A madadinta sai a ce, "Hajiya, don in tabbatar na yi bayani daidai, faɗa min yadda za ki sha idan kin koma gida." Nauyin ya koma kan mai bayani, majinyaciya ba ta ji ana yi mata jarrabawa ba. Mun kuma ƙayyade abu uku kawai a kowane magani. A rifampicin: fitsari da hawaye za su yi ja-ja, kada ta tsorata; yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa; kada ta daina don ta ji sauƙi. Ga mai asma kuwa babu dogon bayani, a miƙa masa abin shaƙa ya nuna: ya girgiza, ya fitar da numfashi, ya danna yana jan iska a hankali, ya riƙe kamar daƙiƙa 10. Da yawa cikin ɗaliban su kansu ba su iya ba, sai da muka fara da su.

Don auna ci gaba mun aro dalar George Miller ta 1990 mai hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna, yana yi a bakin aiki. Jarrabawar takarda ba ta wuce hawa biyu na ƙasa. Na uku shi muke nema, da salon jarrabawar tasha-tasha da Ronald Harden ya fito da shi a Dundee ta Sikotilan a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tebura, kowane da aikinsa da mai duba shi da takardar maki. Ɗalibai biyu sun nuna sha'awar shiga gasar bayani ga majinyaci da tarayyar ɗaliban harhaɗa magunguna ta duniya, IPSF, ke shiryawa. Tarayyar tun 1949 aka kafa ta a Landan, kuma tana da shirin musayar ɗalibai tsakanin ƙasashe, wanda yawancin namu ba su taɓa jin labarinsa ba.

15 ga Fabrairu

'Yan ajin ƙarshe sun shiga aikin binciken kammala karatu, saboda haka lokacin miƙa aiki ya yi. Ban yarda a yi shi da baki ba. Kowane mai barin aiki ya rubuta shafi ɗaya: abin da aka gama, abin da ke rataye, wa ake tuntuɓa, ina takardu suke. Sannan ya zauna a bayan ɗaki zama biyu yana kallon magajinsa ba tare da ya sa baki ba. Zaman shirun ya fi rubutun ba su wuya. A zaman yau wani ɗan aji huɗu, wanda ya ce maimaita magana raini ne, shi ya jagoranci gwajin waya, kuma ya rubuta sabuwar takarda da kansa, ta yaro da aka lissafa wa paracetamol da awon babba.

Kowa ya buɗe littafin ci gaban kansa bisa zagayen da FIP ta zayyana a 2002: ka duba inda kake da giɓi, ka tsara, ka yi, ka auna, ka rubuta. Na nemi giɓi ɗaya kawai a wata. Wanda ya rubuta "ina so in zama shugaba nagari" na mayar masa. Wadda ta rubuta "ba na iya lissafin aikin ƙoda ba tare da duba littafi ba" na karɓa.

Abu biyu na rataye. Hawa na huɗu na Miller har yanzu ba mu da hanyar ganinsa, domin abin da ɗalibi ya yi a ɗakinmu ranar Asabar ba hujja ba ce kan abin da zai yi a tagar asibiti. Na tsara gajeriyar takarda da za a roƙi masu kula da horo su cika duk lokacin da ɗalibi ya tsayar da wata takardar magani, tana jiran amincewar shugaban sashe. Na biyu, likita ɗaya ba zai isa ba, kuma ɗalibai sun fara sanin halinsa har sun daina jin tsoron wayar. Mun rubuta wa sashen koyar da likitoci da na aikin jinya muna neman zaman haɗin gwiwa a watan Maris, inda ɗalibansu za su amsa kiran, su ma su gwada yadda ake karɓar gyara. Sashen aikin jinya ya amsa, sun zaɓi Asabar ta biyu. Takardun gwajin da za a yi amfani da su a ranar, sababbin jagororin ne za su rubuta, su kawo min kafin ƙarshen wannan wata.